Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Nono Ya Ƙi Ɗana

Makon jiya na tsaya a daminar 2012, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo, Binuwai ya cika ya batse, mu da ke gefen kogi a Garwa ta ƙasar Kamaru muka kwashe 'yan komatsanmu. Da ruwa ya janye muka dawo muka tarar masai da rijiya sun zama abu guda. Muka yashe rijiyar, ruwan ya kwanta garau, muka ci gaba da sha.

Babban ɗana (ku yi haƙuri, ɗan fari ne, ba na kiran sunansa) yana da shekara 3 a lokacin. Gudawa ta kama shi, amma ba irin wadda na sani ba. Babu jini, babu majina kamar ta atini. Kashin fari-fari ne, mai maiƙo, ga ɗoyi, gyatsarsa kuwa kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Yana ci, ciki na kumbura, wuya na ƙara tsawo.

Surukata ta ce baki ne. Aka yi turare, aka sha rubutu, sannan ta kafa masa fura da kindirmo, kossam in ji maƙwabtanmu Fulani, wai ya mayar da jiki.

Sai da muka ci mako 5 a haka kafin maigida ya yarda muka je asibiti. Aka duba kashin a madubin likita aka ce jiyardiya ce, wata halitta da ido ba ya gani. Ni da nake jiran a ce tsutsa, sai na yi sororo.

Malamin asibitin ya jawo tawul ɗin da ke kafaɗata. Ya ce bangon ƙaramin hanji haka yake, cike da 'yan tsirai irin gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini. Ita wannan halitta tana da wani faifai a ƙasan jikinta da take mannewa da shi a bangon, ta hayayyafa ta lulluɓe wurin, tsiran su gajarce su kwanta kamar tsohon tawul da ya sha wanki. Shi ya sa mai ke wucewa ya fita a kashi. Ta atini daban ce, babban hanji take ƙwaƙula ta yi gyambo, jini ya biyo.

Aka ba mu Flagyl, ga ɗaci, kullum sai an danne shi. Maganin ya ƙare, amma da ya sha nono sai cikin ya sake ɓallewa. Na koma a fusace. Malamin ya ce sinadarin da ke narkar da sukarin nono a kan waɗannan tsirai yake zaune, sai sun sake tofowa, abin kan ɗauki makonni. A dakatar da nonon saniya tukuna, a tafasa ruwan sha, a ba shi kunun gyaɗa da ƙwai.

To, wa zai gaya wa Bafulatanar uwar miji cewa nono na cutar da jikanta? Na durƙusa na ce, "Inna, likita ya ce a ɗan jinkirta masa." Ba ta ce uffan ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki, kwana 3 ba ta amsa gaisuwata ba.

Yadda muka ƙare da Inna, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.