Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Giɓin da Alƙalami Ya Zana

A makon jiya na tsaya ne a kan saukata Ingila cikin 1980, na kuma yi alkawarin ba da labarin gidan da na kama haya da yadda Kubura ta biyo ni da goyon Sadiya. Amma da na zauna zan rubuta, sai maganar Baba ta tare mini gaba, don haka labarin gida ya jira tukuna. Duk wanda ya zauna da Baba a Bukuru ya san tambayarsa. Ko labarin farashin dawa aka kawo masa, ko na wani da rami ya rufta da shi a filin kuza, sai ya ɗaga kai ya ce, "Kai ka gani, ko gaya maka aka yi?" Ya daɗe yana helman lebura a wurin haƙar kuza, kuma ya sha gaya mana cewa a zamanin samartakarsa akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ke fitowa tare da kuza, wanda Turawa suke sa a zubar, sai ga shi bayan 1950 sun dawo suna tonon jujinsa ido rufe. Kwalambait ake ce masa. Daga cikinsa ake fitar da ƙarfen nayobiyom, kuma cikin ikon Allah a kan wannan ƙarfe na ƙarar da shekara huɗu a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke ƙarƙashin ƙasa, inda ba a sanin ketowar alfijir bare faɗuwar rana.

Tun da 'ya'yan Yaya Amina suna bin wannan tarihi, kuma har yau suna cewa ba su san aikin da kawunsu ya yi ba, bari in ɗan warware musu. Kowace wayar lantarki tana da turjiya, wato tana hana wuta wucewa salin-alin, shi ya sa dutsen guga yake yin zafi. A 1911 wani masani mai suna Kamerlingh Onnes, a birnin Laidin na ƙasar Holan, ya sanyaya zaiba da ruwan iskar hiliyom har zuwa digiri 269 ƙasa da sanyin ƙanƙara, wanda a ma'auninmu na kelbin, mai fara ƙirga daga ƙarshen sanyi, yake daidai da 4.2, sai ya ga turjiyar ta ɓace ɗungurungum. Daga baya aka ga dalma ma tana yin haka a 7.2, kuza a 3.7, nayobiyom kuwa a 9.2, wanda ya fi na kowane ƙarfe zalla. Shekara 46 aka yi ana kallon abin ba tare da an san dalilinsa ba, sai a 1957 Bardeen da Cooper da Schrieffer na jami'ar Ilinoi a Amurka suka fito da bayani. Suka ce ƙwayoyin lantarki, waɗanda a al'ada suke gudun juna, sukan ƙulla bibbiyu idan sanyi ya kai sanyi, kuma motsin ƙwayoyin ƙarfen ne yake yi musu dillanci. Ba a raba irin waɗannan tagwaye sai an biya wani farashi na kuzari, kuma abin da ya gaza farashin ba ya tsinana komai, kamar mai taro da sisi a kasuwar shanu. Saboda haka ƙananan cin karo da suke haddasa turjiya a cikin waya ba su da abin biya, tagwayen sai su wuce abinsu. Wannan farashi shi muke kira giɓin kuzari. Masanan uku sun ƙara da cewa idan aka auna giɓin da sanyin da ƙarfen yake juyewa a cikinsa, lamba ɗaya za ta fito, wato kusan 3.5, ko wane ƙarfe ne.

Duk wannan na karanta shi tun ina Zariya, na haddace shi, na kuma ci jarrabawa da shi. Da na zo yi wa Baba sallama na yi ƙoƙarin fassara masa, ya saurare ni har na gama, sannan ya yi mini tambayarsa. Na sunkuyar da kai na ce, "Gaya mini aka yi, Baba."

Malamina Bature bai bar ni na taɓa nayobiyom ba sai da na maimaita gwajin da Ivar Giaever, wani injiniya ɗan ƙasar Norwe, ya yi a kamfanin General Electric a 1960, gwajin da ya kai shi ga samun lambar Nobel a 1973. Aikin a ido ba shi da wuya. Za a ɗauki ɗan gilashi mai tsabta a sa shi cikin ƙwaryar gilashi da aka zuƙe wa iska, a narkar da alminiyom har ya zama tururi ya kwanta a kan gilashin kamar siririn zare. Sai a buɗe a bar iska ta taɓa shi na 'yan mintoci, domin ya yi wata tsatsa da ido ba ya gani, wadda kaurinta bai wuce ƙwayoyin zarra goma zuwa ashirin ba. Daga nan a gitta zaren dalma a kansa. Tsatsar nan katanga ce tsakanin ƙarafan biyu, amma don sirantakarta ƙwayoyin lantarki sukan ɓulla ta cikinta, kuma yadda suke ɓullar shi ne yake tona asirin giɓin. Gilashi goma sha ɗaya na lalata kafin in sami mai kyau. Wani na taɓa shi da yatsa, wani tsatsar ta yi kauri, wani kuma ta huje.

Na goma sha biyun na zura shi cikin tulun hiliyom da daddare, bayan kowa ya tafi. A lokacin babu kwamfuta a ɗakinmu, sai wata na'ura mai alƙalami da ke yawo a kan takarda, gefe ɗaya tana nuna ƙarfin turin lantarki, ɗaya gefen kuma yawan wutar da ta wuce. Na fara murɗa maɓalli a hankali. Alƙalamin ya kwanta yana jan ciki a gindin takarda, kusan babu wutar da take wucewa, har na soma zargin wata waya ce ta tsinke. Da ƙarfin turin ya kusa milibolt 1.4 (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt) sai ya ɗaga kai ya miƙe sama kamar an tsikare shi. Na kunna famfon da ke zuƙe tururin hiliyom domin sanyi ya ƙaru, gwiwar layin ta ƙara kaifi. Sannan na kunna maganaɗisun da ke kewaye da tulun, wanda yake rushe halin rashin turjiya a dalma, sai gwiwar ta ɓace, layi ya miƙe sambal. Na kashe, ta dawo. Na yi haka ya fi sau goma, ni kaɗai, ina dariya kamar wanda ya zautu. Da na yi lissafi lambar da ta fito 4.3 ce, ba 3.5 ba, na kwana ina tunanin na yi kuskure. Da safe malamin ya dubi takardar ya ce dalma haka take, domin ƙullin da ke tsakanin ƙwayoyin lantarkinta da motsin ƙarfen ya fi ƙarfin sauƙaƙan lissafin 1957, sai an koma ga wanda Eliashberg ɗan Tarayyar Sobiyet ya gyara a 1960. Takardar tana nan cikin adakar Kubura, tawadar ta koɗe.

Nayobiyom kuwa ya gasa mini aya a hannu. Tsatsarsa ba irin ta alminiyom ba ce, tana ɓata fuskar ƙarfen, giɓin da za ka auna sai ya fito a dagule. Sai a 1983 masana a ɗakunan binciken Bell na Amurka suka nuna cewa a lulluɓe nayobiyom da siririn alminiyom a bar alminiyom ɗin ya yi tsatsar. Da na san wannan dabara tun farko da na huta da wahalar shekara biyu.

Wanda ya kira aikina lissafin dokin Rano bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ba zan ambaci sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta mana baki ɗaya, amma maganar ba ta bar ni ba. A zaman kwamitin ƙarin girma ne, bayan na dawo gida da shekaru, ya ɗaga takarduna da yatsa biyu ya ce, "Dakta, ƙasar da ba ta da wutar kunna fitila kake yi wa lissafin wayar da ba ta asarar wuta? Ai wannan lissafin dokin Rano ne." Aka yi dariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni hiliyom in bar lissafi yau ɗin nan." Shi da kansa ya san cewa injin mayar da hiliyom ruwa da aka yi mini alkawari kafin in dawo bai zo ba, kuma da aka karya darajar naira a 1986 kuɗin da aka ware masa ko rabin famfonsa ba za su saya ba. Mutumin da aka ɗaure wa hannu ake yi wa gorin ba ya noma. Ni da aka horar a kan gani, aka mayar da ni mai zaman jiran mujallun da ke iso mu bayan shekara guda, in karanta abin da wasu suka auna in yi lissafi a kai.

Baba ya rasu a 1985. Na nuna masa takardar alƙalamin nan da na dawo, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "To, wannan ai zane ne, ina shi giɓin?" Ban sami amsar da za ta gamsar da shi ba, kuma abin da zai gamsar da shi ya zo ne bayan ƙasa ta rufe masa ido. A 1986 Bednorz da Müller na kamfanin IBM a Zurik suka gano wani haɗi mai tagulla, wanda ya fi kama da kasko fiye da ƙarfe, yana rasa turjiya a wajen kelbin 35. Cikin 1987 ƙungiyar Paul Chu da Maw-Kuen Wu a Amurka ta kai 93 da haɗin itiriyom da bariyom da tagulla. Wannan ya haura 77, sanyin ruwan naitirojin, wanda ya fi hiliyom araha nesa ba kusa ba. Wani abokin karatuna ya aiko mini da garin sinadaran uku cikin ambulan. Muka niƙa su a ɗan turmin ɗakin gwaji har suka zama toka-toka, muka danne su suka zama kamar ƙwayar magani babba, muka sa a tanda mai zafin digiri 900 da ɗoriya. Dole ne a gasa shi awoyi masu yawa sannan a bar shi ya huce sannu a hankali yana shan iskar oksijin. Sau uku ana ɗauke wuta a tsakiyar gashi, ƙwayar ta fito ba ta da amfani, na huɗun sai da muka kwana gadin janareto ni da ɗalibai biyu. Ruwan naitirojin kuwa wurin wani likitan dabbobi na roƙo shi, cikin wanda suke adana irin bijimai, na ɗauko shi a fulas ɗin shayin Kubura ba tare da na ɗaure murfin ba, don kada ya fashe. Muka zuba a kan baƙar ƙwayar, ya tafasa ya lafa, na ɗora ɗan guntun maganaɗisu da hantsaki, ya tsaya a iska ba abin da yake riƙe da shi, alamar ƙwayar ta shiga halin rashin turjiya. Masinjan sashenmu ya zura tsinke ta ƙarƙashinsa yana salati. A wannan lokaci ba kowa na tuna ba sai Baba, domin wannan kam da ya gani da idonsa.

Sai dai tashin maganaɗisu ba auna giɓi ba ne, kuma a nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a gaban ɗalibai ba. Na sami zuwa cibiyar nazarin fiziks da Abdus Salam ya kafa a Tiriyesta ta ƙasar Italiya a 1964, wadda take karɓar masana daga ƙasashe irin namu na 'yan watanni. A can na rubuta takardu biyu a kan giɓin waɗannan sababbin haɗe-haɗe, na gina su a kan cewa giɓin girmansa ɗaya ne ta kowace fuska, kamar yadda na saba gani a dalma. Wani matashi ya ce mini alamu suna nuna ba haka ba ne, na yi masa kallon yaro. Tsakanin 1993 da 1994 gwaje-gwaje suka yi ta fitowa, har da na Tsuei da Kirtley na IBM, suka tabbatar da cewa giɓin yana da kunnuwa huɗu ne kamar fure, yana da girma ta wasu fuskoki, ta wasu kuma babu shi sam. Ƙari a kan haka, an ga wani giɓi-giɓi da yake nan tun kafin turjiya ta ɓace, wanda har yau ake jayayya a kan asalinsa. Takarduna biyu suka zama tarihi. Na ɗora abin da na gani a wani wuri a kan abin da ban gani ba, laifin da Baba ya fi tsana ke nan.

Amma wannan bai wanke mai dokin Rano ba, domin shi ba kuskuren lissafi ya gani ba, lissafin kansa ya raina. A 1959 Suhl da Matthias da Walker a Amurka, da kuma Moskalenko a Tarayyar Sobiyet, sun lissafa cewa abu ɗaya zai iya samun giɓi biyu a lokaci guda. Maganar ta zauna a takarda shekara da shekaru ba a sami abin da ya nuna ta ƙarara ba. A 2001 Jun Akimitsu na ƙasar Japan ya sanar da cewa haɗin maganiziyom da boron, garin da yake ajiye a kantocin sinadarai tun tuni, yana rasa turjiya a kelbin 39. Da aka auna sai ga giɓi biyu, babba na wajen milibolt 7, ƙarami na wajen 2. Ranar da mujallar ta iso hannuna na ɗauke ta na nufi ofishinsa, na tarar ya yi ritaya ya koma garinsu, na tsaya a baranda da ita a hammata kamar mai tallan jarida.

Lokacin da aka kwantar da Kubura cikin na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki saboda ciwon bayanta, ma'aikacin ya ga ina leƙen injin ya ce, "Baba, a matsa baya, maganaɗisu ne mai ƙarfi." Na ce masa, "Na sani, ɗana, wayar da ke cikinsa nayobiyom ce da taitaniyom, tana jiƙe cikin hiliyom." Ya dube ni ya ce gaya mini aka yi ko. Kubura tana kwance ta ce, "Malam, don Allah ka ƙyale yaro ya yi aikinsa." Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan gidan haya da zuwanta Ingila da goyon Sadiya.