Godiya Bayan Horaswar Iyayen Yara Masu Galahanga

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an tashi daga horaswa lafiya. Muna godiya ga iyaye mata da suka yini da mu, da malaman makaranta, da 'yan sa-kai da suka zauna da yara a ɗakin da aka rage wa haske da hayaniya. Iyaye maza da suka zo kuwa, godiyarku daban ce, don aikin nan na mutum biyu ne. Allah ya saka da alheri.

An fi yi mana tambaya kan musayar hoto, wato PECS, inda yaro ke miƙa hoto don neman abin da yake so, tsarin da Andy Bondy da Lori Frost suka fito da shi a Amurka a 1985. Matakansa shida ne, amma a na farko ake yawan tuntuɓe.

Babba ɗaya ya zauna gaban yaro riƙe da abin da ran yaron ke so, a ce ƙaramar mota, hotonta yana kan tebur. Na biyu ya zauna bayan yaron, bakinsa shiru. Sai yaro ya kai hannu ga motar da kansa, sannan na baya ya kama hannun, su ɗauki hoton, su sa a tafin na gaba. Nan take a miƙa masa motar a ce "mota". Kada a ce "ba ni hoton", kada a ce "me kake so?" In aka saba masa da haka, umarni zai riƙa jira, alhali so ake ya fara neman abu da kansa. Taimakon kuma daga motsi na ƙarshe ake fara janye shi: ya fara sakin hoton shi kaɗai, sannan miƙawa, sannan ɗauka. In ya kau da kai, ba taurin kai ba ne, motar ce ta gundure shi. A sauya abu. Masu fargabar hoto zai hana magana su kwantar da hankali, ba ya hanawa.

Ga masu tambaya ko ƙannen yaran ma suna da galahanga: in yaro ba ya waiwayowa idan an kira sunansa a wata 12, ko ba ya nuni da yatsa a wata 18, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya, a fara da gwajin ji, sannan likitan yara ya yi tantancewar M-CHAT-R, tambayoyi 20 na gano alamun galahanga ga yaro mai wata 16 zuwa 30. Ba sai sakamako ya fito za a fara atisaye a gida ba.

Allah ya raya mana su, ya ba iyaye juriya. Mun gode.