Ranar da ɗalibata ta ƙi yarda da Whitman

Ina koyar da adabin Turanci a sakandare. A zangon da ya wuce na kai wa 'yan aji shida waƙoƙin da suka tsiro daga tunanin Ralph Waldo Emerson, mutumin Concord a jihar Massachusetts ta Amurka, wanda ya ajiye limancin coci a 1832. A maƙalarsa ta dogaro da kai, ta 1841, kiran da ya yi shi ne mutum ya saurari zuciyarsa, ya daina bin jama'a ido rufe.

Na ga bai dace in koyar da wannan ta hanyar yi musu shifta ba. Sai na raba musu gajerar waƙar Walt Whitman ta 1865 ba tare da sharhi ba. A cikinta mai magana yana zaune a zauren lacca, masanin taurari na jero alƙaluma da taswirori, ana ta tafa masa, shi kuwa ya gaji ya sulale waje yana kallon taurari shi kaɗai.

Da farko aji ya yi tsit. Wani ya ce, "Malam, to me za mu rubuta a jarrabawa?" Na ce abin da ka gani. Can sai wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu: "Malam, ni fa ban yarda da shi ba. Wanda ya ƙirga taurarin nan ai ya fi shi daɗewa yana kallonsu. Lissafi ne kawai ya gagare shi." Aka fashe da dariya, gardama ta kaure har aka buga ƙararrawa. A ganina ita ta fi kowa kama abin da Emerson ke nufi, ko da yake kushe waƙar ta yi.

Mako na gaba na nuna musu cewa masu wa'azin dogaro da kai ɗin ma sun jingina da juna. Bukkar da marubuci Henry David Thoreau, abokin Emerson, ya gina a bakin tafkin Walden a 1845, a filin Emerson take. Whitman kuwa, da Emerson ya rubuto masa wasiƙar yabo kan littafinsa na 1855, sai ya ɗauki jimla guda daga ciki ya buga a ƙeyar bugun 1856, bai ko nemi izini ba. Wani yaro ya ce, "Ashe shi ma yana son manya su shaide shi."

Yanzu sai sun gama cacar bakinsu nake faɗin nawa karatun, kuma nakan gaya musu cewa nawa ne, suna iya rushe shi idan sun kawo hujja daga baitocin.