Godiya ga duk wanda ya sa hannu har jirginmu ya tashi

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, baje kolin ƙananan jiragen ƙasa da na dame ku da zancensa ya zo ya wuce lafiya ranar Asabar, kuma tasharmu ta yi aiki tun daga buɗe ƙofa har aka tashi. Wasunku sun san halin da muka shiga a tsakiyar hunturun nan. Wasu kuwa hotuna kawai suka gani, suna ta tsokanata wai me ya kai magidanci da furfurarsa wasan motar kara a ƙasar Turawa. To bari in haɗa godiyar da ɗan bayani, don sai an san wuyar aikin sannan za a san girman alherin da aka yi mana.

Mu 'yan wata ƙaramar ƙungiya ce a nan arewacin Ingila. Aikinmu ƙera tashar jirgin ƙasa a ƙanƙance, inda kowace ƙafa ɗaya ta awo take komawa milimita 2, wato an rage komai sau 152. Mutum mai tsawon ƙafa shida ya zama milimita 12, taragon kwal kuma bai kai santimita 4 ba. Akwai na kanti da ya yi kusa da wannan, ana ce masa ma'aunin N, ka saya ka haɗa ka kunna. Sai dai faɗin dogonsa milimita 9 ne, tayoyinsa kuma masu kauri. Dogon gaske na Birtaniya faɗinsa milimita 1,435 ne, irin wanda aka shimfiɗa tsakanin Abuja da Kaduna, in ka rage shi daidai sai ya ba ka 9.42. A kan wannan ɗan bambancin da bai kai rabin milimita ba mutanenmu suka ƙi na kanti, suka zaɓi su shimfiɗa dogonsu da hannu, da ƙarfen da tsayinsa daga ƙasa zuwa sama milimita ɗaya ne kacal. Akwai babbar ƙungiya ta masu wannan ra'ayi, 2mm Scale Association, tun 1960 take, daga shagonta muke samun tayoyi da ƙarfen dogo. Tashar da muka ƙera ta karkarar Yorkshire ce a shekarun 1950, kafin rahoton 1963 na Beeching, shugaban hukumar reluwen Birtaniya na lokacin, ya jawo rufe irin waɗannan ƙananan tashoshi fiye da dubu biyu.

Ana saura 'yan makonni baje koli sanyi ya daskarar da ruwa a bututun ɗakin da muke haya, ya fashe cikin dare. Ba na ɗora wa kowa laifi, ƙaddara ce. Da muka buɗe ƙofa, katakon da tashar take kai ya sha ruwa ya kumbura ya karkace, gidajen kwali sun narke, gam ɗin da ke riƙe da tsakuwar dogo ya saki. Allah Ya taimake mu kawunan jiragen suna gidajenmu cikin akwatuna. Amma dogon da ya goce, ko da kaurin gashi ne, ya tashi daga aiki, domin ratar da leɓen taya yake bi a mahaɗar layi kusan rabin milimita ce. Ni dai a ranar na riga na sallama.

Godiyata ta farko bayan ta Ubangiji ga dattijon ƙungiyarmu take, wanda nake kira Baba har shi ma ya saba yana amsawa. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, da idonsa ya ga ƙarshen jiragen kwal a 1968. Bai ce mana komai na lallashi ba. Tabaraunsa mai ƙara girma ya ɗaura, ya ɗauko ma'aunin dogo, ya bi layin taku-taku yana sa alama da fensir: nan a cire, nan a bari. Da ya gama sai ga shi abin da za a iya cetowa ya fi abin da ya mutu yawa. Mutum ne mai tsanani a kan aiki. Zai sa ka kwance mahaɗar da ka kwana kana yi saboda tarago ɗaya ya ɗan yi tsalle a kanta, kuma ba ya jin kunyar sake sa ka. Akwai waɗanda wannan hali ya kora daga ƙungiyar a baya, na sani. Amma ranar Asabar babu taragon da ya sauka daga kan dogo, kuma kowa ya san dalili. Da ɗaya daga cikinmu ya fara ƙorafin shekarun da suka tafi a ruwa, sai Baba ya tuna masa da Copenhagen Fields, ƙira ce irin tamu wadda ƙungiyar Model Railway Club ta Landan ta fara a 1983, tana kwaikwayon unguwannin arewa da tashar King's Cross, har yau ba su ce sun gama ba. Daga nan ƙorafi ya ƙare.

Sai wani ƙane namu ɗan Kano da ke karatu a nan, wanda ya hana ni faɗin sunansa. Gaisuwa ya zo yi gida ya tarar da ni ina fama da dalma. Ashe kafin ya taho ya yi shekaru yana gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Falankan da ke ƙarƙashin dogonmu da allon lantarki ake yanka su, irin na cikin rediyo, mai fatar tagulla a sama. A kansa ake liƙa ƙarfen dogo da dalma, sannan a tsaga tagullar a tsakiya don kada wutar ɓangarorin biyu ta haɗu. Ban gama bayani ba yaron nan ya karɓi ƙarfen liƙi daga hannuna. Wallahi abin da nake yi a yini shi kafin la'asar ya gama, liƙinsa kuma fes, ba ya barin tulin dalma. Da na kai shi ƙungiya dattawan suka kewaye shi suna kallon hannunsa, har Baba, wanda yabo ke yi wa wuyar fita, ya duba da tabarau ya gyaɗa kai. Ƙanena, Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka sa'ar jarrabawa. Karatu dai shi ne gaba, kada jirgi ya ɗauke maka hankali in shiga uku da mahaifinka.

Ina godiya ga 'yan uwa masu wannan sha'awa na wasu garuruwa, waɗanda yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Labari na isa gare su saƙonni suka fara shigowa ta gidan waya: wannan ƙarfen dogo, wancan ɗakin sigina da ya ƙera bai yi amfani da shi ba, wani kuma bishiyoyi cike da kwalin takalmi. Babu wanda ya karɓi ko kwabo. Halinsu ke nan, ba a kanmu aka fara ba. A watan Mayun 2019 wasu matasa suka fasa makarantar da ƙungiyar Market Deeping ta shirya baje kolinta a garin Stamford, suka farfasa aikin shekaru. Cikin 'yan kwanaki jama'a suka tara musu fiye da fam 100,000, mawaƙi Rod Stewart, wanda shi ma gwani ne a harkar, ya ba da fam 10,000. Namu bai kai nan ba, ba mu ma nemi kuɗi ba, amma zuciyar iri ɗaya ce.

Kwamitin masallacinmu, Allah Ya saka da alheri. Su suka ba mu ɗakin baya mai ɗumi muka jera katako ya bushe a hankali, don in aka gaggauta shi da zafi sai ya tsage. Ɗan uwanmu na Maraɗi mai motar kaya ya ɗauki tashar zuwa da dawowa, yana tafiya a hankali duk da ana ta yi masa ham a baya, ya kuma ƙi karɓar kuɗin mai. Na gode, Malam.

Maman yara, ke kam ban san ta inda zan fara ba. Teburin cin abinci ya zama maƙera, gida ya cika da warin fenti da hayaƙin dalma, yara suna cin tuwo a ƙasa. Kin yi magana, ba zan ce ba ki yi ba, amma ba ki taɓa cewa in kwashe ba. Allah Ya bar zumunci. 'Yar autarmu kuma ita ta shafa wa tumaki fenti ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace, ta sake gina katangun duwatsun da suka raba gonaki. Duk wanda ya yaba katangun nan a wurin baje koli, ita ya yaba.

Ranar kanta ba ni da bakin ba da labarinta duka. Abin da ya fi faranta min rai shi ne ganin jama'armu sun cika gaban teburinmu, manya da yara, a wurin da a da ni kaɗai ne baƙar fata. Iyayenmu mata suka zo da masa da dambun nama, Turawan nan suka ci har da neman ƙari. Yara suna ta cewa a ƙara gudu, ni kuwa ina nuna musu cewa gwanintar a tafiyar hawainiya take: kan jirgi ya ja taragunsa ya ratsa mahaɗa a natse, ya tsaya daidai bakin dandamali, ba girgiza ba tsalle. Wanda ya shimfiɗa dogo da hannunsa shi ya san daɗin wannan.

Wani dattijo daga cikinmu ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni yaushe za mu yi ta Kano. Na yi masa lissafin a tsaye. Tsohon dogon da ya isa Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, a ma'auninmu ya zama milimita 7 cif. Babu kantin da zai sayar maka da taragun reluwen Najeriya a wannan girman, komai sai an yanka an goge da magagari. Na fassara wa Baba tambayar, na kwatanta masa dalar gyaɗa a gefen layi, sai na ga ya ciro fensirinsa. Ban yi alkawari ba. Amma duk mai tsofaffin hotunan tashar Kano ko ta Zariya, musamman waɗanda suka nuna gine-gine da taragu sosai, don Allah ya turo min ta akwatin saƙo, zan kula da su.

Wanda ban ambata ba ya yi haƙuri, ba raini ba ne. Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya biya muku buƙatunku.

Sannan akwai kuloli biyu da faranti babba da aka bari a wurin taro, suna gidana an wanke su. Mai su ta aiko a karɓa, ko in kawo masallaci ranar Juma'a.