Garin da Inna take niƙawa

A shekararmu ta uku a jami'a, malamin da ke koya mana adabin baka ya raba mu biyu-biyu, ya ce kowa ya shiga gari ya ɗauko waƙa ɗaya daga bakin mai ita, ya rubuta, ya yi nazari. Ni da ƙawata muka zaɓi waƙar niƙa, don akwai ƙanwar kakata a Birni, can bayan fadar Sarkin Damagaram, wadda duk dangi suka san ta da murya. Inna muke ce mata. Da farko ta ce ta manta, rabonta da dutsen niƙa tun da injina suka cika unguwa. Da lallashi dai ta zauna bisa tabarma ta rera mana, muka ɗauka a waya.

Muka raba aiki: ƙawata ta saurara ta juye a takarda, ni kuma in yi nazarin. A ganina ni na samu babban kaso. Mun riga mun haddace matakan: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe. Na karɓi takardar, ban sake kunna muryar ba ko sau ɗaya. Akwai ɗango guda, wato layi ɗaya na waƙar, da Inna take ta maimaitawa, "garin nan ba nawa ba ne", kuma a kansa na gina komai. Na ce jigon waƙar kewar gida ne, kukan yarinyar da aka aurar nesa da iyayenta. Na cika shafi shida, har da bayanin yadda baƙunci yake cin zuciyar amarya.

Malam ya karanta, bai ce daidai ba, bai ce kuskure ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Kin karanta wa mai waƙar wannan?"

Ranar Juma'a bayan la'asar na koma Birni na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ƴar nan, wane gari kuma? A Birni aka yanke mini cibiya, a Birni aka kai ni ɗaki. Gaari na ce, na tuwo." Ta ja wasalin yadda ko kurma zai ji. Sai ta warware mini zancen. Ita ce ƙarama a gidan, ita ke durƙusawa kan dutse tun asuba, amma sau da yawa garin a tukunyar uwargida yake ƙarewa, ranar girkinta, yabon tuwon ma ita ke sha. Waƙar habaici ce. Ana ɗaga murya don wadda ke ɗakin can ta ji, ba kuma ta da bakin ramawa tunda ba a kama sunanta ba.

Na san gari da gaari tun ina goye. Babu Bahaushen da zai rikita su a baki. Karin sautinsu ɗaya ne, ƙasa sannan sama, tsawon wasalin farko kaɗai ya raba su. Amma rubutun boko da muke yi kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Shi ya sa baba na uba da baba na rini suke fitowa da fuska ɗaya a takarda, haka fari na launi da fari na rashin ruwa. Mai karatu yakan gane daga abin da ke kewaye da kalmar, to amma a waƙa, inda ɗango yake tsaye shi kaɗai, wani lokaci babu abin da zai cece ka sai kunne. Mun yi wannan darasi a ajin ilimin sauti tun shekarar farko, na ci jarrabawarsa, na kuma ajiye shi a matsayin abin ƴan nahawu wanda bai shafi mai nazarin adabi ba. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nuna tsawo da karin sautin kalmomi, kuma mun sha buɗa shi. Ko ajamin da malamanmu na zaure suke rubutu da shi yana da alif da wawu da ya na jan wasali. Da almajiri ne ya juye waƙar Inna a allo, da wuya in faɗa wannan rami.

Akwai laifi na biyu, wanda ya fi damuna don da gangan na yi shi. A wani wuri Inna ta ambaci ɗanta da ke zuwa lakwal, ni kuwa na goge na sa makaranta, wai ina tsabtace Hausa daga Faransanci. Malam ya ja layi a ƙarƙashi ya ce in faɗa masa abin da tsohuwar Damagaram take nufi idan ta ce makaranta. Allo take nufi, da tawada, da malam da bulalarsa. Lakwal ta mushe ce, wato malamin boko, da kaye da bik, littafin rubutu da biro ke nan. Ita ta bambanta gidajen ilimi biyu da kalma biyu, ni na haɗe su. Daga nan ya tambaye mu daga ina kasuwa ta zo, da karatu, da rubutu. Masana harshe, tun daga Greenberg, sun nuna ta hannun Barebari suka shigo Hausa, biyun farko ma asalinsu Larabci ne. Galadima da Ciroma da Yarima duk sarautun Borno ne, kuma Damagaram ta daɗe tana bin Borno kafin ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu. Raƙumi da takobi daga Buzaye muka karɓa, mutanen da ayarinsu yake sauka a Zango. Garin da ya zauna a mahaɗar Kano da Agadas da Kukawa, ya kuma riƙe hedkwatar mulkin Faransa a Nijar har 1926, dole a ji sawun duk waɗannan a bakin mutanensa. Mai nazari da ya share sawun ya share tarihin da aka aike shi nema.

Ban yarda da masu cewa matakan nazarin nan ba su da amfani ba. Jigo da salo suna taimaka wa ɗalibi ya tsara tunaninsa, kuma har yau ina aiki da su. Abin da na ƙi shi ne yadda muke ɗaukarsu kamar kwanon awo, mu zuba kowace waƙa mu kankare abin da ya yi tozo. Waƙar baka tana da mai yi, da wanda ake yi domin ya ji, da aikin da hannu yake yi lokacin da baki yake rerawa. A nazarina na farko babu ko ɗaya cikin ukun.

Na ukun ma sai da Inna ta nuna mini shi. Da na sake komawa, ta sa jikokinta suka jawo tsohon dutsen daga bayan ɗaki, aka wanke, ta zuba gero ta durƙusa. Waƙar ta canza gaba ɗaya. Ɗangogin da muka yanka a takarda bisa ga ma'ana, ita a turin ɗan dutse take yanka su: ta tura, ta ja numfashi, ta dawo. Gaɓa mai nauyi tana faɗawa daidai inda ƙarfin kafaɗa yake sauka, kuma "gaa" ɗin nan na gari a kan turi yake zama kowane zagaye. Abin da muke wahalar ƙirgawa a darasin aruli, wato ilimin awon waƙa, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, ga shi tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba tana auna shi da hannunta.

Muka sake juyar da waƙar daga farko, ni da ƙawata, kunne ɗaya a waya. Muka ninka kowane dogon wasali, muka bar lakwal a inda take, muka sa alama a duk inda dutse ya tafi da inda ya dawo. Minti goma sha biyu na rerawa ya ci mana kwana tara. A shafin farko, kafin jigo, muka rubuta wace ce ta yi waƙar, a wane gida, da wadda take ɗakin can tana ji.