Asabar a ofishin Kawu, ni da tsohuwar kwamfutar makaranta

Asabar, Katsina.

Tun tsakiyar mako Kawu ya aiko cewa kwamfutar makarantarsu ta daina kawowa, ga jarrabawar ƙarshen zango ta matso. Yau da hantsi na ɗauki jakar kayan aiki na hau mashin zuwa Ƙofar Marusa. Hazo ya sauko sosai, sanyin har cikin ƙashi.

Islamiyya ce 'yar ƙarama, Kawu ke riƙe da ita tun da ya yi ritaya daga koyarwa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, sannan ya nuna mini ita a lungun ofis, an lulluɓe ta da tsohon zane.

"Ɗana, wani mai gyara ya zo ya buɗe ta, ya ce babban allon cikinta ya mutu, sai dai a sayi wata. 'Yan gwangwan ma har sun taya."

Maganar 'yan gwangwan ɗin ta tsaya mini a rai, domin na san abin da ke cikin akwatin nan. Rajistar ɗalibai na shekaru, tambayoyin jarrabawa, da darussan Hausa da tajwidi da Kawu ya zauna ya buga da yatsa biyu. Yawancinsu da tsofaffin haruffan Hausa na kwamfuta ya buga su, irin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar a zamanin da babu ƙ, ɗ da ɓ a kibod. Sun yi wa Hausa aiki ba ƙarami ba. Sai dai idan ka kai irin wannan rubutu kwamfutar da ba ta da haruffan, ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Ga kuma firintar makarantar, mai faɗaɗɗiyar wayar nan da ke shiga rami mai huda 25 a bayan kwamfuta. Sababbin kwamfutoci ba su zuwa da ramin. Ke nan sayen wata ba zai raba Kawu da matsala ba, sabuwa zai jawo.

Autar Kawu, taubashiyata, tana aji biyu a babbar sakandare, ita ta riƙe mini tocila duk yinin.

Kafin in taɓa komai na juya bayan akwatin na duba fawa-fak, wato sashen da ke karɓar wuta ya raba wa kayan ciki. Tsofaffin nan suna da wani ɗan jan makunni mai lamba biyu, 115 da 230. Wutarmu ta Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga can wani lokaci sukan iso makunnin yana kan 115, mutum ya jona, sai ƙara da hayaƙi. Na Kawu yana kan 230, lafiya lau. Duk da haka na nuna wa Auta shi na ce kada ta bar yaran makaranta su yi wasa da wurin.

Na zare waya daga bango, na danna maɓallin kunnawa na riƙe shi kaɗan, sannan na kwance murfin. Na fara dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu. A wannan lokaci na hunturu da iska ta bushe, tartsatsin nan da ke tsira idan ka taɓa ƙofar mota ko ka yaye bargo ya isa ya lalata ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ba tare da ka ji komai ba.

Ƙura kuwa ba a magana. Ta toshe tsakanin haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, har ta zama dunƙule. Muka fitar da akwatin tsakar gida na bi shi da buroshi da bulowa, ina danne fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Da ƙurar ta tafi sai allon ya fito fili. Madabod ce, wato babban allon da komai ke jone da shi, mai gurbin furosesa na LGA 775, wanda Intel ta fito da shi a 2004, inda allurai suka tashi daga jikin furosesa suka koma cikin gurbin da ke kan allo. Cip ɗinta G31, furosesar Pentium E5200 mai gudun gigahaz 2.5. Na haska kafasitocin da ke kewaye da furosesa, 'yan gwangwanayen nan masu daidaita wuta, ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayye kansa shafe yake. Wanda ya fara lalacewa kansa kan kumbura, wani har ya fitar da busasshen abu ruwan ƙasa. Allunan farkon shekarun 2000 sun sha fama da wannan ciwo. Na sami guda ɗaya kusa da gurbin ram da kansa ya ɗan tasa, sauran garau.

Sai na ga abin da ya ɓata mini rai. Siraran wayoyin gaban akwati duk an cire su an bar su suna reto. Wanda ya buɗe ta bai mayar ba. Shi ya sa tun ranar, ko an danna maɓalli ba ta motsi, alhali Kawu ya ce da farko fanka na juyawa, hoto ne kawai ba ya fitowa. Wato an zo gyaran ciwo ɗaya an tafi an bar biyu. Ban ga laifin mutum ya ce abu ya fi ƙarfinsa ba, amma ya mayar da shi yadda ya same shi.

Wayoyin suna da rubutu a kawunansu, allon ma yana da rubutu ƙanana a gefen allurai. PWR SW ta maɓallin kunnawa, RESET SW ta sake tayarwa, waɗannan biyun ko ta wace fuska ka soka su daidai ne. HDD LED da PWR LED kuwa na 'yan fitilu ne, suna da ƙari da ragi, idan ka juya su fitilar ba za ta kama ba, amma babu abin da zai ƙone. Auta ta fi ni ƙarfin ido, ita ta riƙa karanto mini.

Daga nan na yi gwajin da na fi yarda da shi. Na cire ram duka biyun, na ciro wata 'yar ƙaramar lasifika daga jakata na soka ta a allurai huɗu da aka rubuta SPEAKER, na jona wuta na kunna. Nan take ta fara ƙara, tana yi tana maimaitawa.

Kawu ya miƙe tsaye. "Mi ya faru? Ta ƙone?"

"A'a Kawu, albishir ne. Cewa take ba ta ga ram ba. Allon da ya mutu ba ya iya wannan ƙorafin."

Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kafin ta nemi Windows, akwai 'yar manhaja a cikin allon, bayos, da ke bin kayan ciki tana duba su. Idan ta tarar da matsala tun kafin hoto ya samu, ba ta da hanyar faɗa sai ƙara. Tunda ta yi ƙara, to wuta na isa, furosesa na aiki, bayos na raye. Gwajin bai kai minti biyu ba, kuma da an yi shi tun farko da ba a kai ga maganar 'yan gwangwan ba.

Ram ɗin DDR2 ne, gigabait ɗaya-ɗaya. Haƙoransu na ruwan zinari sun dushe. Na goge su a hankali da magogin fensir, na bi da sifirit a tsumma mai tsabta, na hure gurbin, na danna kowanne har maƙallan gefe suka rufe da kansu. Auta ta ce akwai wani ram da yayanta ya ciro daga wata kwamfuta, ko za a ƙara. Ta kawo, na ga DDR3 ne. Su biyun haƙora 240 gare su, shi ya sa ake ruɗewa, amma tsagar da ke tsakiya ba wuri ɗaya take ba, kuma DDR2 bolt 1.8 yake ci, DDR3 kuwa 1.5. Wanda ya tilasta shi shiga sai ya fasa gurbin. Ko da ma irinsa ne, allon G31 ba ya ɗaukar fiye da gigabait 4, Windows XP ta Kawu kuma uku da 'yan kai kawai za ta gani. Biyun da ke ciki sun ishi aikin buga takardu.

Na kunna. Ƙara ɗaya gajera, sai rubutu ya bayyana a monita. Kawu ya ce alhamdu lillahi har sau uku.

Rubutun yana cewa saitin da ke ajiye ya rikice, a danna F1. Na san batir ne. Allon yana da batir mai kama da kwabo, CR2032, faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, ƙarfinsa bolt 3, irin wanda ke cikin wasu na'urorin gwajin sukari. Shi ke riƙe agogo da saitin bayos idan an kashe wuta. Na auna tsohon da mita, ko bolt ɗaya bai kai ba. Kawu ya ce ai an daɗe kullum da safe sai ya gyara kwanan wata da hannu, ya ɗauka halinta ne na tsufa. Na sa sabo, alamar ƙari tana kallon sama. Sannan, wuta a zare, na nuna wa Auta jamfar goge saiti: allurai uku a jere da 'yar hular roba mai ƙarfe a ciki tana rufe na farko da na biyu. A mayar da ita kan na biyu da na uku na 'yan daƙiƙoƙi, a dawo da ita mazauninta, bayos ya koma yadda ya fito daga kamfani. Na bar ta ta yi da hannunta.

Ana kiran azahar aka ɗauke wuta. Muka yi salla, Inna ta aiko da ɗanwake da mai da yaji. Kafin a tayar da janareto na cire fankar furosesa, na kankare tsohon man sanyaya furosesa da ya bushe ya zama gari, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, na mayar da fankar na danna ƙafafunta huɗu bibbiyu a gicciye.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne wani tsohon had-disik, ma'ajiyar fayiloli, da Kawu ya ciro daga durowa a naɗe cikin leda. Na kwamfutarsa ta farko ne, ya ce akwai darussa a ciki da bai taɓa kwashewa ba. Irin na IDE ne, mai faffaɗar waya da allurai layi biyu. Allon yana da gurbin IDE guda ɗaya tak, kuma na'urar faifan DVD na kai. Waya ɗaya tana ɗaukar na'ura biyu, amma dole a bambance na gaba da na baya, in ba haka ba su biyun su ɓace wa bayos. A bayan kowace akwai jamfa da alamomi uku: MA na gaba, SL na baya, CS kuma a bar waya ta zaɓa. Na tarar duka biyun suna kan MA. Na bar disik ɗin a MA na sa shi a baƙin kan da ke ƙarshen waya, na mayar da DVD kan SL a kan tsakiya mai ruwan toka, shuɗin kan ya tafi allo, jan layin gefen waya yana bin allura ta ɗaya. Wayar da ke ciki mai silli 40 ce, na canza ta da mai silli 80, domin tsohuwar ba ta barin gudu ya wuce megabait 33 a daƙiƙa.

Na danna Del na shiga bayos, shuɗin shafin nan da ba ya sanin maus, sai kibiyoyin kibod. Na gyara kwanan wata da lokaci. Na kashe neman fulofi, tsohon faifan ajiya, tunda babu shi a akwatin. Na sa ainihin disik ɗin kwamfutar, irin na SATA, mai Windows a farkon jerin tashi, don kada ta je ta nemi tashi daga tsohon. Ramin firinta ma na kunna shi.

Akwai saiti ɗaya da nake ganin duk mai kwamfutar tebur a garin nan ya kamata ya sani: abin da za ta yi idan wuta ta dawo bayan an ɗauke. Zaɓi uku ne, ta kunna kanta, ta koma yadda take, ko ta zauna a kashe. Na zaɓi ta zauna a kashe. Wutar da aka dawo da ita takan zo da ƙarfi ko ta yi ta kai-komo a mintunan farko, ga lokacin sauyawa daga janareto. Gara mutum ya jira ta daidaita ya kunna da hannunsa. Na duba shafin zafi na ga furosesa a sanyaye take, amma na gaya wa Kawu a janye akwatin daga jikin bango, a daina rufe shi da zane yana aiki, domin idan bazara ta shigo Katsina kan haura digiri 40. Na danna F10 na adana.

Windows XP ta tashi, tsohon disik ya fito, fayilolin na nan. Kawu ya jawo kujera ya buɗe darasin aji uku, ƙ da ɗ duk a mazauninsu. Muka tura shafi ɗaya, firintar ta ja takarda ta fitar da shi tas.

Ya ce ko a jona mata intanet. Na ce, "Kawu, a bar ta haka. XP ta fito tun 2001, Microsoft kuma ta daina aiko mata da gyaran tsaro tun Afrilun 2014. Ta tsaya a buga takardu, abin da ake nema a intanet a nema da waya." Ya yarda.

Kafin la'asar na kwashe komai daga disik biyun zuwa filashi, har da fayilolin haruffan Hausan kansu, na ba Auta ta ajiye a cikin gida, ba a ofis ba. Tsohon disik ɗin yana ɗan ƙara idan yana karatu, ban amince masa ba. Kafasitan nan da ya kumbura na rubuta lambobin jikinsa, bolt 6.3, maikurofarad 1000, digiri 105, zan nemo irinsa wurin masu gyaran rediyo da talabijin. Mun yi da Kawu sai an gama jarrabawa zan zo in ɗauki allon in canza shi. Auta ta ce ranar a kira ta, tana son ganin yadda ake narkar da dalma.