Jan ɗigo da ruwan Abha

Mu mutanen Jidda ba mu saba da ruwan sama ba, shi ya sa na Abha, garin kan duwatsu a Saudiyya, ya shammace ni a watan Afrilu. Mun hau can ni da kawuna, filin atisayen harbi. Hazo ya sauko, yayyafi ya biyo baya.

Madubin saiti na bindigata buɗaɗɗe ne, fitilarsa mai haska jan ɗigon da ake saiti da shi a waje take. Ɗigon ruwa ɗaya tak ya zauna a kanta, jan ɗigon nan ya tarwatse kamar an fasa tumatir a jikin gilashi. Na kai gefen riga zan goge, Kawu ya riƙe hannuna.

"Kul, ɗana! Akwai yashi, za ka karce shi. Hura."

Na hura, jan ɗigon ya dawo daidai.

Nasa madubin ƙirar kamfanin Aimpoint ne, rufaffe, ruwa ba ya kai wa fitilar. Har murfin gaba ya bari a rufe, ya buɗe ido biyu, ɗaya na ganin ɗigo, ɗaya na ganin allon da ake harbi, ya kuwa samu. Abin ya burge ni ƙwarai.

Yanzu tsumman gilashi da batirin fitilar (CR2032) na zaune a aljihuna cikin 'yar leda. Rufaffen kuma ina tara masa kuɗi.